Rigar Da Ta Tashi Tafiya A Jiratawa

Da can, idan mutum ya shigo Maradi ta hanyar Tsibiri, duk allon da idonsa ya faɗa a kai hannun wani ne ya yi shi, kuma mutanen gari sun san hannun. Ana duban harafi a ce wannan na Mamman Dogo ne, wancan kuwa na yaronsa ne, ga ma inda fenti ya zubo. Yanzu ka ratsa Sabon Gari daga wannan baki zuwa wancan, ledar da inji ya buga ce kawai a rataye. Kazar da ke ƙofar mai gashi a nan ita ce dai a ƙofar wani mai gashin a Yamai, ita ce a Kwatano, ba ta rame ba, ba ta yi ƙiba ba. Shi ya sa samari ke tsayawa bakin rumfata suna cewa, "Baba Idi, ai wannan aikin ko waya tana yi." To, ku jawo benci ku zauna. Waya tana yin hoto, ban musa ba. Amma ba ta taɓa zama da mai allo ta ji abin da ke ransa ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya faru da jikata Rakiya a ranin bara. Ita ta koyo zane mai motsi a Yamai, irin wanda yara ke kallo a tele, ta dawo Maradi da ordinata, wato kwamfuta, a cikin jaka. Ubanta Sani, ɗana na uku, mai shagon atamfa ne a kasuwa, kuma bai taɓa ɗaukar zane sana'a ba, ko da yake da fenti aka ciyar da shi. Ya ce ya ba ta rani ɗaya. In ta sami aiki ta gama, aka karɓa, to ta ci gaba. In aka ƙi, ta rufe ordinata ta zo shago tana auna yadi. Aiki ɗaya tak ta samu, a Jiratawa. Amma kafin in kai ku can sai kun san yadda hannuna ya taso, don shi ma ya shiga cikin maganar.

Ni ɗan Tsibiri ne, ɗan manomin gero. Na addabi bangon gidanmu da gawayi, har babana ya gaji ya ɗora ni bayan keke ya kai ni Maradi wurin Mamman Dogo. Na yi zaton ranar za a ba ni zaki in zana. Sai aka ba ni gwangwanin kananzir da tarin burushi masu datti. Wanki na yi ta yi har damina ta zagayo. Daga nan aka koya mini ɗaure burushi. Na kanti tsada gare shi, don haka namu muke yi: a je mahauta a yanko gashin jar akuya daga bayan wuya, a jera shi, a ɗaure da siririyar waya a jikin sanda, a gyara bakinsa da reza. Na layi daban, na harafi daban, na cika fili daban. Layi kuwa da igiya ake fitar da shi, a shafa mata alli, mutum biyu su ja ta, a tsinke ta kan katako ta bar sawu. Fenti a gwangwanin madara muke haɗawa. In na dama da gaggawa sai maigidana ya ce, "Kai ɗan Tsibiri, wanga ba fura ba ce. Bi shi a hankali."

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai allon Ɗan Bala mai tsire ne. Rago yake so. Na je kara, kasuwar dabbobi, na zauna ina kallon raguna, na zaɓi wani balami fari, na kwafo shi har da lanƙwasar hancinsa. Na tabbata duk Maradi ba a taɓa zana rago haka ba. Ɗan Bala ya zo yana goge hannu da tsumma, ya tsaya ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Yaro, wanga rago mi ya same shi? Kamar an yi mai rasuwa."

Na ce, "Ai ragon da za a yanka ne."

Ya ce, "To wa ya gaya mai?"

Mamman Dogo ya yi dariya har ya shaƙe da goro. Ya sa na ɗaga gefen bakin ragon, na buɗe masa ido, na ƙara masa kitse a gindi. Rago ya koma kamar wanda aka gayyata biki. A idona ya lalace. Ɗan Bala kuwa ya rataye shi, ya yi shekaru yana nuna wa baƙi. A nan na fara gane cewa kyau ba guda ɗaya ba ne, kuma wanda zai tsaya ƙarƙashin allo kullum yana da ta cewa.

Da na sami ƴanci sai ƙafa ta yi mini ƙaiƙayi. Na yi Kano, na gangara Kwatano, na zauna Kumasi a tashar manyan motoci, na ƙarasa Abijan, daga baya na haura Agadas. Duk inda na je sai na koyi harshen wurin gwargwadon abin da zai ishe ni gardama da mai aiki: Faransanci, Yarabanci, na Ashanti, da ɗan Zabarmancin da na tsinta a hanya. Kowane gari da idonsa. Direban Kumasi yana son bayan motarsa ya cika, zaki na kokawa da mutum, ba a bar ko tafin hannu babu launi ba. Telan Kwatano tana son mace mai jiki a allonta, in ka yi ta siririya ta ce kana kore mata masu ɗinki. A Agadas shuɗi suke so da fili mai yawa, kamar sun saba ido ya yi nisa bai ci karo da komai ba. Alhazan Maradi kuwa kore, da suna manya-manya, buhun shinkafa kuma ya fi ƙofar shagon girma.

A Abijan na haɗu da wani mai zane ɗan makaranta, wanda ke yi wa manyan otal aiki. Ya kai ni ɗakinsa ya nuna mini wani ƙyalle mai faɗi da ya shafe da ja da ruwan ƙasa, babu mutum, babu dabba, babu ko bishiya. Na tambaye shi da Faransanci ina ne sama. Ya ce duk inda na ga dama. Na ce a garinmu in yaro ya yi haka, wanki ake mai da shi. Shi ma da ya zo ya ga allunan aski da nake yi, ya ce wannan talla ce, ba zane ba. Amma kafin ya tafi ya roƙi ɗaya ya kai gida. Ni kuma har yau in na rufe ido ina ganin jan nan nasa, alhali rabin allunan da na yi a shekarar na manta su. Kowa ya raina aikin ɗan'uwansa, kowa kuma ya tafi da shi a ka.

Mummunar shekarata ta same ni ne bayan na dawo gida na kafa rumfa a Sabon Gari. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan zana abu mai rai, mutane da yawa suka ji tsoron Allah a kan allunan da ke ƙofofinsu. Ni ba malami ba ne, ban shiga gardamar ba, mai shago ya fi ni sanin abin da zai iya kwana da shi. Sai dai aikin da ke zuwa ya zama na shafewa. Farin fenti kaɗai nake saye. Wani Alhaji ya turo motarsa in rufe zakin da ni da kaina na yi masa, direban na tsaye yana kallo yana girgiza kai. Wanzamai suka kawo allunansu in share kawuna. In an shafe kuwa ba a dawowa, don farin katako ba ya tsufa. Shekarar nan da geron yayana na Tsibiri muka ci tuwo.

Wani tela, Malam Habu, shi ya fitar da ni ba tare da ya sani ba. Ya ce yana son allo, mutane su ga ɗinkinsa, amma kada a sa mutum. Na zana babbar riga a tsaye, hannuwa a buɗe, aikin wuya ya fito zare-zare, ga hula a sama, tsakaninsu iska. Babu fuska, babu ƙafa. Duk wanda ya wuce sai ya ga kamar shi ne a ciki. Kafin wata ya mutu teloli sun yi layi. Wanzamai na yi musu aski iri-iri ba ido ba hanci. Mai takalma na jera masa takalma kamar masu su sun shiga masallaci. Aka riƙa ce mini Idi mai riga ba mai riga. Da wannan dabara na aurar da ƴaƴa, kuma na daɗe ina ganin babu inda za ta ba ni kunya.

To, ga aikin Rakiya. Wata ƙungiyar manoman rani ce a Jiratawa, inji ɗaya ke ba su ruwa, ruwan na bin kwata daga gona zuwa gona. Na bakin kwata su tsare ruwa har sai sun ƙoshi, na ƙarshe albasarsu ta bushe, kullum rigima. Suka so ɗan gajeren zane mai motsi da za a nuna wa ƴan ƙungiya, a kuma tura ta waya, ko a ji kunya a bi layi. Shugabansu Malam Sa'adu ne, dattijo manomin albasa, mai tsantseni a addini. Rakiya ta yi manoma biyu masu manyan kawuna da idanu kamar faranti. Ta nuna mini.

Na ce, "Amarya, waɗannan mutane ne ko kabewa?"

Ta ce, "Tsoho, haka ake yi yanzu. Idonka ne ya tsaya zamanin keke."

Da ta kai Jiratawa, Malam Sa'adu bai ko kai ga maganar kabewa ba. Ya ce mata, "Ƴata, aikinki ya yi, amma mu ba mu son mutum-mutumi." Ta dawo rumfata ta zauna kan gwangwanin fenti ta yi tagumi. Sani ya riga ya ji labari, har ya aiko a tambaya ko ta iya lissafin yadi.

Na ce mata, "Wannan ne ya hana ki cin abinci? Ciwon da na warkar tun ba a haifi ubanki ba. Cire mutanen, bar rigunan."

Ta ce, "Kaka, anya?"

Ku lura, ranar Kaka ta ce, ba Tsoho ba. Na ce ta yi kawai. Ta zauna ta yi, ni ina gefe ina gyara mata yadda riga ke faɗuwa daga kafaɗa.

Muka tafi Jiratawa tare. Bayan la'asar aka taru a ɗakin ajiyar ƙungiya, aka tura buhunan taki gefe, aka jona ordinata da tele. Maza a gaba, mata daga bakin ƙofa. Hoto ya fito: gona, kwata, da riga shuɗiya a tsaye da malfa a samanta. Na ji ana cewa madalla. Na gyara zama. Sai rigar ta ɗaga hannu. Fartanya ta taso daga ƙasa ta shiga hannun da babu shi. Riga ta kama tafiya a kan kunya, malfa na biye da ita a iska.

Wata tsohuwa a bakin ƙofa, Inna Hajo, ta ce, "A'uzubillahi! Wa ke ciki?"

Wani daga baya ya ce, "Mutanen ɓoye sun shiga ƙungiya!"

Wani ya amsa, "To su biya kuɗin mai!"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Inna Hajo kuwa ta ja jikokinta ta yi waje tana tofa addu'a. Malam Sa'adu ya jira aka lafa, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam Idi, da mutum ne da mun san ɗan wane ne. Wanga fa, in ya shigo gonata, wa zan kai ƙara?"

Ya ce wa Rakiya ya ba ta zuwa lokacin dashe, in ba a samu ba su haƙura.

A hanyar dawowa ta ce, "Tsoho, saura kaɗan ka kori mutanen Jiratawa daga gonakinsu." Na ce ai ko sun gudu rigar za ta yi musu ban ruwa. Muka yi dariya, amma ni ina ta juya abin. Rigar da ke tsaye a allo, ido ne ke sa mata mai ita. Rigar da ke tafiya, ido tambaya yake wa ke tafiya da ita. Duk yawon da na yi ban taɓa sanin haka ba, don ban taɓa zana abin da ya motsa ba. Sana'arta ba tawa ba ce da aka sa wa ƙafa. Wata aba ce daban, da nata dokoki.

Ita ta samo mafita, ba ni ba. Ta koma Jiratawa ita kaɗai, ta wuni bakin kwata tana kallon yadda ruwa ke shiga busasshiyar hanya. Ta dawo tana gaya mini, hannu na yawo a iska: yadda kan ruwan ke tura ƴan ciyayi a gaba, yadda yake tsayawa a mararraba kamar mai shawara, yadda ƙasa ke shanye na farko kafin na biyu ya wuce. Ta ce, "Ruwan shi ne mutumin. Ba na buƙatar kowa." Ganye da ruwa kuwa babu wanda ya taɓa hana zana su.

Sai ta ce in yi mata gonakin da burushi a kan katako, ta ɗauke su hoto ta sa a ordinata, don ƙasar da ordinata ke yi sumul take kamar leda. Na haɗa ja da rawaya da ɗan baƙi har na sami ƙasar fadama, na yi kunyoyi, na yi tsagewar da ƙasa ke yi in ta ji ƙishi. A kan launin ruwa muka yi faɗa. Na ce daga Kumasi har Agadas ruwan allo shuɗi ne. Ta ce ruwan Jiratawa kalar kunu gare shi. Na ce wa zai so kallon kunu yana gudu? Ta ce aikinta ne. Na haɗa mata kalar kunu, don gaskiya aikinta ne.

Ranar nunawa ta biyu Sani ya bi mu, wai tumatir ya zo saye. Ya tsaya can baya jikin buhuna, hannu a aljihu. Inna Hajo ta zo, amma ta tsaya inda za ta iya fita da sauri.

Ruwa ya fito daga bakin inji ya kama hanya. Ya zo gonar farko ya shiga, ya cika ta, bai fita ba. Ya yi ta taruwa har ganyen albasa ya yi rawaya ya kwanta cikin laka. Can ƙarshen kwata ƙasa na tsagewa, ganye na sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Babu mutum, babu magana, sai ƙarar ruwa da Rakiya ta ɗauko da wayarta.

Wani ya miƙe ya nuna gonar farko a tele. "Wallahi gonar Ɗan Ladi ce wagga!"

Ɗan Ladi ya ce, "Ƙarya kake! Tawa da bishiyar zogale a gefe."

"An sare ta don a rufa maka asiri!"

Aka koma farko a cikin hoton, wannan karon kowace gona ta sha ta saki. Ruwan ya yi ta gangarawa, ya tsaya a mararraba, ya wuce. Na ji mutane suna cewa "je ka, je ka," kamar masu kora jaki. Da ya isa gonar ƙarshe ganye ya miƙe, Inna Hajo ta rangaɗa guɗa.

Gardama ta biyo baya. Wani ya ce ruwan ya yi datti, da an yi shi shuɗi da ya fi kyau. Na dubi Rakiya na ɗaga gira. Wani ya ce a'a, da shuɗi ne da ya ce na wani gari ne. Ita ma ta dube ni ta ɗaga tata. Malam Sa'adu ya buga sanda a ƙasa.

Ya ce, "An karɓa. Sai dai ƴata, gonar ƙarshen nan a wurin tawa take. In ruwa ya iso, ki ɗan ƙara wa albasar girma."

A mota muna komawa, kwandon tumatir a bayanmu, Sani na ta kallon hanya. Sai da muka hango Maradi ya ce, "Baba, ni fa ban ga zane a nan ba. Ko mutum ɗaya babu a ciki."

Na ce, "To me ya tsayar da kai har aka maimaita?"

Ya ce, "Ruwan nake jira in ga ko zai kai."

Rakiya ta toshe baki da mayafi. Sani bai sake tayar da maganar shago ba. Bayan ƴan kwanaki sai ga kafinta da mai jan wuta ya turo, aka raba rumfata gida biyu, aka sa mata tebur da ƙofa mai makulli don ƙura da yara.

Haka muke yanzu. Gefe ɗaya warin kananzir, gefe ɗaya ƙarar fanka. Har gobe ba na son manyan kawunan nan nata, ita ma tana cewa harufana sun cika ado kamar ɗakin amarya. Tun da injin leda ya shigo babu wanda ya kawo mini ɗansa koyon burushi, kuma na daina sa rai. Allon hannu ya ƙare a titunan Maradi, ba zai dawo ba. Abin da nake zanawa yanzu ba a rataye shi ƙofar kowa. Katako ne da Rakiya ke ɗauka hoto, ta sa ruwa ya bi ta kansa.